Ƙofar Baya ta Ɗakin Haihuwa

Masu zuwa asibitin unguwarmu yanzu, da ɗakunansa goma sha wani abu, suna mamakin tsohon ɗakin haihuwa: ƙofar gaba a garƙame, ta baya 'yar mitsitsiya, sai an sunkuya. Ni ce sanadi, kuma tsufa ya cire mini kunyar faɗa.

A 1951 asibitin nan ɗaki ɗaya ne a gindin darbejiya, da Malam Istifanus mai ba da magani da kwalabensa uku: na tari, na zazzaɓi, na gyambo. Bayan shekara huɗu aka turo mana Malama Edith, ungozomar asibiti, 'yar nan Zariya, siririya mai saurin tafiya kamar ta bar tuwo a wuta. Ita ta tsaya a kan mazan Tudun Wada har suka yi gayya suka gina ɗakin haihuwa mai gado huɗu. Wanda ya ja ragamar ginin surukina ne, magini, wanda gari ke kira Gwadabe. Ni dai Baba nake ce masa.

Maza kuwa, Allah ya shirye su! Don kowa ya ga aikinsu, sai suka sa ƙofar tana kallon titi, suka yi mata dakali dama da hagu. Daga ranar dattawan unguwa suka taso da majalisarsu daga bakin kasuwa suka dawo nan. Tun hantsi har la'asar suna zaune suna cin goro, suna yaba ginin. Wata biyar ko akuya ba ta haihu a ciki ba. Suka ce ai mata ne da taurin kai. Ba wanda ya tambayi kansa wace mace ce za ta turo ciki gaba, ta ratsa tsakanin ubanta da surukinta, ta ce musu sannunku da hutawa.

Lokacin ina ɗauke da ciki na uku. Biyun farko a gida na haife su, kuma ba wanda ya kai ranar suna. Tsoro nake ji ƙwarai. Mijina Muntaka yana aikin jirgin ƙasa a Gusau, ya aiko cewa in je asibiti. Sau biyu ina yin lulluɓi in fita, in hango farar hular Baba a kan dakali, in juyo kamar na yi mantuwa.

Rannan Malama Edith ta shigo gidanmu zagaye. Ta lalluba cikina, fuskarta ta canza.

"Ishatu, ɗan nan a gicciye yake. Me ya hana ki zuwa awo?"

Na sunkuyar da kai. Surukata, Inna Fatsuma, ce ta amsa daga bakin murhu.

"Haba Malama, kamar ba 'yar gari ba! Su wa ke gadin ƙofar taku?"

Malama Edith ta riƙe baki. "Wayyo ni! Inna, wallahi na ɗauka tsoron allura kuke yi."

Ba ta ko tsaya shan ruwa ba. Daga baya Malam Istifanus ya ba Inna labari: Malama Edith ta je ta durƙusa gaban dattawan, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Baba, a cikinku wa 'yarsa ko surukarsa za ta iya wucewa ta gabansa da tsohon ciki?" Wai goron da ke bakin Baba har aka tashi bai tauna shi ba.

Washegari da sassafe Baba ya ɗauki guduma da cebur ya zagaya bayan ginin. Samari suka zo taya shi, ya kore su, ya ce wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Kwana biyu yana fasa bangon da ya gina da hannunsa, har ya fitar da 'yar ƙofa. A gida bai ce mini uffan ba, ina zai iya? Sai dai ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya yana gaya wa Inna, "Lungun bayan asibitin nan na share shi, ko ƙaya babu." Ina ɗaki, na yi ta kuka. Tun daga ranar nake son tsohon nan kamar shi ya haife ni.

Duk sati nake bin lungun. Malama Edith ta yi ta lallaɓa cikin da hannu har kan ɗan ya juyo ƙasa. Ran wata Alhamis bayan azahar naƙuda ta kama ni, Inna ta riƙo ni muka tafi.

Mace na haifa, amma ta fito shiru. Na san wannan shirun, sau biyu ina jin sa. Na juya fuskata bango. Malama Edith ta kife ta a tafin hannu tana murza mata baya, tana cewa, "A'a, yarinya, ba ki isa ba." Can sai ta tsanyara kuka.

Bango ɗaya ne tsakanina da dakalin, kuma sai a lokacin na lura hirar dattawan ta daɗe da mutuwa. Sai na ji muryar Baba ta bayan bangon.

"Malama! Mace ce ko namiji?"

"Amarya ka yi, Baba!"

"To ki ce mata ta ƙara kukan. Kunnena ya tsufa, ban ji sosai ba."