Tayoyin Bayan Ɗaki

Bangon ɗakin tsohuwar ya tsage tun daga tushe, har ana hango ƙafar gadonta daga waje. Malamin kimiyya ya tsaya a bakin rafi yana kallon tsagar. Ya sa hannu a aljihu, ya fitar, ya sake mayarwa.

Ranar Asabar shi ya jagoranci ɗalibansa da mutanen unguwa suka share rafin. Sun kwashe leda da gwangwanaye, sannan suka tono tsofaffin tayoyi goma sha huɗu da ke binne a gaɓar bayan ɗakin nan. Har tafi aka yi. Jiya aka sheƙa ruwa, gaɓar ta zaftare.

"Marigayi maigidana ne ya jera su," in ji tsohuwar. "Shekara ashirin suna riƙe da ƙasar nan."

"Iya, me ya hana ki faɗa mana?"

"Na faɗa, ɗan nan. Wata yarinya ta ce in matsa kada laka ta ɓata mini zane. Mai ladabi ce kuwa."

Hadari na haɗowa. Malam ya juya ya nufi makaranta, tafiyar har da ɗan gudu.

Tayoyin na jere a bakin ƙofa, an shafe su da farin fenti, an dasa furanni a ciki. Hedimasta na tsaye a kansu, ya goya hannu a baya.

"Ranka ya daɗe, zan mayar da su."

"Ina?"

"Rafi."

"Gobe masu duba makarantu za su zo ganin aikinmu, kai kuma ka mayar da shara cikin rafi? Bari sai jibi."

"Bangon Iya ba zai kai jibi ba."

"To, kai za ka yi musu bayani. Da bakinka."

Malam ya tuɓe takalmi, ya juye ƙasar taya ta farko. Fentin bai bushe ba, ya bi masa riga.

Yana gangarawa da ta huɗu aka fara yayyafi. Wani tela ya leƙo daga shagonsa.

"Malam, yau kuma darasin ɓata rafi ake yi?"

Duk da haka ya fito ya kama ta biyar.

Suka shiga ruwa har gwiwa suna ɗora taya kan taya, laka na zame musu. Tsohuwar na tsaye a sama, ta kifa kwano a ka.

"Ba haka yake jera su ba."

Malam ya ɗago. "To yaya, Iya?"

Ta daɗe tana kallon gaɓar.

"Ban sani ba. Ni dai na san ba haka ba ne."

Ruwan ya ƙara ƙarfi. Malam ya miƙa hannu, tela ya turo masa ta shida.