Sanarwar Ƙarfe Goma Sha Ɗaya

Mata talatin da bakwai ne. Da idonsa ya ƙirga su a ƙofar hukumar ruwa, suna zaune a kan bokitansu da suka kife, domin wata biyu ke nan famfon unguwa bai ɗiga ba. Yayarsa, tela ce, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana sahun gaba da lema a hannu.

"Bakin Gwamnati!" ta ƙwala masa kira. Haka unguwa ke kiransa tun da ya samu aikin rubuta sanarwa a ofishin yaɗa labarai na gwamnati. "Ka gaya wa iyayen gidanka mun yi tsami."

Ya yi dariya ya wuce ofis. A can ya rubuta cewa wasu mata sun taru suna neman ruwa.

To, ofishin nan yana da wata muguwar al'ada. Takarda sai ta bi tebur uku, kuma duk wanda ta wuce ta hannunsa bai ƙara mata yaji ba, za a ce yana tausayin 'yan adawa. Mataimakin darakta ya soke "sun taru" ya sa "sun mamaye". Darakta, yana shan shayi, ya mayar da matan "gungun 'yan tayar da zaune tsaye". Mai ba da shawara kuwa, mutumin da bai taɓa ɗaukar bokiti ba a rayuwarsa, ya tambaya ko bokitan na ƙarfe ne. Aka ce wasu. Sai ya rubuta "ɗauke da makamai, da nufin kifar da gwamnati".

Bakin Gwamnati ya buga ta tsaf, har da gyara waƙafi. Ko a jikinsa. Kowa a garin ya san yadda ake sauraron sanarwarsu: ka raba da goma, ka yi tsaki, ka ci gaba da harkarka. 'Yan sanda ma sun sani.

Abin da ya manta shi ne an kawo sabon kwamandan kwantar da tarzoma shekaranjiya, kuma babu wanda ya koya masa lissafin. Rediyo ya karanta sanarwar ƙarfe goma sha ɗaya. Kafin rabin awa jiniya ta cika titi.

Da gudu Bakin Gwamnati ya isa hukumar ruwa, takalminsa ɗaya ya fita a hanya. Hayaƙi mai sa hawaye ya riga ya rufe ƙofar. Motoci huɗu aka turo wa mata talatin da bakwai. Ya ga wata tsohuwa tana rarrafe, ɗan sanda ya take mata baya ya wuce. Wata mai goyo ta duƙa a kan ɗanta ana zuba mata kulki. Yaya ta ɗaga hannu ta kare fuskarta, kulkin ya sauka a kan yatsunta, ya ji ƙarar karyewarsu daga inda yake. Na biyu ya same ta a baki.

"Mata ne!" ya riƙa ihu yana ɗaga katin ofis. "Ruwa suke nema! Ku dubi hannunsu!"

Wani kofur ya damƙi kwalarsa. "Kai ka fi gwamnati sani? An ce suna ɗauke da makamai." Ya sa masa gindin bindiga a ƙirji, sai ga shi a cikin kwata.

Da motocin suka tafi, titin ya rage daga fasassun bokitai sai takalma da jini. Ya ciccibi Yaya ya sa ta a tasi. Hannunta na dama, wanda take riƙe almakashi da shi, ya kumbura ya karkace, haƙoranta biyu babu. 

Direba ya kunna rediyo. Aka maimaita sanarwar, kalma bayan kalma. Yaya ta saurara har ƙarshe idonta a rufe, sannan ta buɗe su a kansa.

"Kai ka buga?"

"Yaya, ba haka na rubuta ba. Su ne suka..."

"Ka ƙirga mu da safe. Na ga bakinka yana motsi."



A asibiti ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ita a benci, ta danna mata auduga a baki, ta jawo takarda. Ta dubi mutumin da ke tsaye da takalmi ɗaya, rigarsa duk ruwan kwata.

"Sai ɗan'uwa ya sa hannu kafin a shiga da ita. Me kake a wurinta?"

Ya buɗe baki zai amsa. Yaya ta cire audugar da hannun hagu, ta tofar da jini a ƙasa.

"Wanda ya kawo ni ne kawai," ta ce. "Ba ni biron, zan sa da kaina."