Tabon Gilashin Baba

Baba yana da na'urar hangen taurari, doguwa, mai ƙafa uku. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa ba shi da wata hira sai tata. Ni ce babbar 'yarsa, ni nake zaune da shi tun rasuwar Inna. Ni nake wanki, ni nake ba shi magani, ni nake share ɗakin da na'urar take. Amma ko ƙafarta na goga da tsintsiya sai ya ce, “A hankali, ba keken ɗinkinki ba ne.”

To, wata rana ya bar ta a tsakar gida ba murfi, ƙaron bishiya ya ɗiga a kan babban gilashin gaba. Ya sa yatsa zai cire, ya daɗa dame shi. Na ce ya kawo in goge, tunda hannunsa rawa yake yi yanzu. Ko kallona bai yi ba, ya ce in kira masa Auta a waya.

Auta ƙanena ne, shafaffe da mai. Yana can wani gari da iyalinsa, sai ya ga dama yake leƙo mu, da 'yar ledar lemo a hannu. Ni da nake zura zare a allura ba tabarau, ba a yarda da hannuna ba, sai na mutumin da ko kofi ya ɗauka sai ya fasa. Wallahi abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Ya iso da hantsi. Baba ya sa na shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, na rufe taga don ƙura, na kawo ruwa da sabulu Auta ya wanke hannu. Aikina ke nan, 'yar kawo ruwa. Na koma bakin ƙofa na harɗe hannu, ina cika ina batsewa.

Baba ya zauna kusa da shi yana koya masa da wata murya mai taushi da ban taɓa samu ba. Ya ce kada ya kuskura ya fara da gogewa, don ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ƙarƙashin auduga za ta ja layi, kuma layi ba ya fita. Sai an fara hure ƙurar da 'yar robar hura iska, ba da baki ba, saboda yawu. Sannan a bi da buroshi mai laushi. Ruwan wanke gilashi kuwa a kan auduga ake ɗiga shi, ba a kan gilashin ba, kada ya gangara ciki. A ɗora audugar a kan ƙaron, a bar shi ya jiƙa ya saki da kansa, ba kankara, ba dannawa. Daga tsakiya a ja zuwa gefe, auduga ta taɓa sau ɗaya a yar, a ɗauki sabuwa.

Duk wannan na haddace shi tun tuni, don daga bakin ƙofar nan na sha jin sa yana faɗa wa kansa.

Na so Auta ya yi kuskure, Allah na tuba. Bai yi ba. Ya bi a hankali har ƙaron ya fita tas, gilashin ya koma kamar ruwan randa. Baba ya dafa kafaɗarsa ya sa masa albarka, ya ce in ya mutu na'urar ta Auta ce. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

Suka fitar da ita baranda don gwaji, suka juya wa rana baya, suka saita ta kan wani dogon ƙarfen sadarwa da ke can bayan gari. Baba ya kafa ido, ya murɗa, ya sake murɗawa. Sai fuskarsa ta canza. Ya ce hazon da yake gani a cikinta yana nan, har ya fi da. Auta ya leƙa ya ce shi garau yake gani, har tsuntsun da ke kan ƙarfen. Baba ya ce ƙarya yake yi, ya danna audugar ne ya cinye siririn shafin da ke fuskar gilashin, ya kashe masa na'ura. Ya yi ta faɗa, Auta ya sunkuyar da kai kamar ɗan makaranta.

Abin nema ya samu. Na tsaya ina jin daɗi har cikin ƙashina, don ban taɓa ganin an yi wa Auta tsawa ba. Kuma na san gaskiyar maganar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na daɗe ina ganin Baba yana lalube kafin ya kama kofi, yana zuba shayi a gefen kofin, ga wani fari-fari da ya fara rufe masa ƙwayar idon dama, idon da yake leƙawa da shi. In na yi shiru, Auta ya fita daga ransa, wataƙila har na'urar ta dawo gare ni.

Sai na ga Baba ya kama bakin rigarsa zai goge gilashin da kansa. Na riƙe hannunsa.

“Baba, gilashin ba shi da komai. Rufe idon dama, ka duba da na hagu.”

Ya yi yadda na ce. Ya daɗe a sunkuye, sannan ya ce ga tsuntsun can. Ya miƙe ya taɓa idonsa na dama, ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce an kwana biyu, yanar ido ce take rufe shi, kuma likita yana iya cire ta. Idonsa ya ciko da ƙwalla. Na matso, ina jiran ya dafa ni ko sau ɗaya.

Ya zare hannunsa daga nawa, ya miƙa shi ta gefena yana lalube.

“Auta, yafe mini. Zo ka kai ni asibiti.”

Da suka kai ƙofa ya waiwayo, ya ce in mayar wa na'urar murfinta, amma in kula kada yatsana ya taɓa gilashin.