Ayabar Masu Dutse

Tun daga gonakin shayi Tadala take bin mijinta, ba ta ganin komai nasa sai ƙeya da jar jakar goyo. Limbani mutum ne mai dogayen ƙafafu da gajeriyar magana. Tun da ɗansu Yamikani ya tafi makarantar kwana, gidansu na Blantyre ya koma kamar wurin jiran likita, kowa da kujerarsa, kowa da wayarsa.

Ita ta matsa aka zo Mulanje hawan dutse. An yi mata tayin aikin jinya a Mzuzu, can arewa, ranar Litinin za ta ce e ko a'a. Da ta gaya masa, cewa ya yi, "Yadda kika gani." Sai ta ƙudura a ranta, in ya waiwayo ya neme ta a kan dutsen nan ko sau ɗaya ne, za ta zauna.

Da safe Kaka Nachisale, mai masaukinsu, ta ja musu kunne tana zuba shayi.

"'Ya'yana, in kun tarar da abinci, kamar ayaba, a ajiye a hanya, kyautar masu dutsen ce. Wanda ya gani ya ci shi kaɗai. Kada ya kira kowa, ko da uwarsa ce."

"In ya kira fa, Kaka?" in ji Tadala.

"Abincin ya ɓace. Wani lokaci har da mai kiran."

Limbani ya tuntsire da dariya. "Kaka, ki ce su haɗa da soyayyen kifi. Ayaba ba ta riƙe mini ciki."

"Yi dariyarka, ɗan birni."

Dariyarsa ta farko ke nan tun zuwansu, ita ma ba Tadala aka yi wa ba.

Da suka yi nisa, hazo ya sauko, jar jakar ta ɓace mata. Ba motsin kowa sai ƙarar ruwa a can ƙasa da numfashinta. Kaɗaici ya kama ta, irin wanda ta saba da shi a falonta, sai dai na nan ya fi sanyi.

A wata kwana ta ci karo da ita: nunanniyar ayaba a kan faffaɗan dutse, an shimfiɗa mata ganye. Tadala 'yar coci ce, ba ruwanta da camfi, amma tsigar jikinta ta tashi. Ga yunwa. Ta miƙa hannu, ta janye. Tun da ta yi aure ba ta taɓa kai loma baki ba ta ware masa nasa ba.

"Baban Yami!"

Dutsen ya maido mata da muryarta. Sai ta kira sunan da rabonta da shi tun suna saurayi da budurwa.

"Limbani!"

Ayabar ba ta ɓace ba, ita ma tana nan daram. Sai a lokacin ta lura da ɓawo a gefen dutsen, ɗanye, an ninke shi tsaf ɗaya cikin ɗaya, yadda yake yi a bakin faranti a gida.

Can sai ga shi ya ɓullo daga hazo.

"Lafiya? Na ji kamar ana kira."

"Ka ga ayabar nan?"

"Na gani mana. Zaƙi kamar zuma."

"Ba ka kira ni ba."

"Haba, Maman Yami, ba ki ji tsohuwa ba? An ce kada a kira kowa." Ya yi murmushi, ya ji daɗin barkwancinsa. "Ai na bar miki rabi."

Gaskiyarsa, ya bar mata rabi. Kullum yana bar mata rabi. Ta zauna ta ɓare ɗaya ta ci, shi kuwa yana tsaye yana ɗaga waya sama ko zai samu layi.

"Baban Yami, babban akwatin nan yana saman sif, ko?"

"Yana nan," in ji shi.

Bai tambaye ta me za ta yi da shi ba.