Ba a Cewa Ya Ɓace

A kamfanin amsa waya da Dilcia take aiki a birnin San Pedro Sula, can kudu da Amurka, akwai dokar da ba a wasa da ita: ba a ce wa Ba'amurke kayansa sun ɓace. Ko da cikin teku kwalin kayan ya faɗa, sai ka tausasa murya ka ce "not yet", wato bai iso ba tukuna. Marleny, shugabar sashensu, mace ce mai bakin tsiya, ba ta da aiki sai bin layi tana sauraron mutane.

"Ke Dilcia, wa ya naɗa ki mai sanarwar rasuwa? A gidan nan kaya ba sa ɓata. Tukuna ake cewa."

Shekara uku tana faɗar kalmar, sau ɗari a wuni, har bakinta ya daina shawara da zuciyarta.

Ƙanenta Nahún kuwa wata biyar ke nan da ya kama hanyar Amurka. Kiransa na ƙarshe daga bakin hamada ne, ya ce in ya tsallake zai kira. Tun daga ranar, mahaifiyarsu, Doña Tránsito, take naɗe masa tortilla biyu, wato wainar masararsu, a tsumma kullum, in sun bushe ta ba kaji.

Ranar Talata, ana hutun cin abinci, wayar Dilcia ta yi ƙara. Wata mata ce daga masu sa kai da ke neman gawarwaki a hamadar. Sai jan Turancin take a hankali, baiwar Allah, ba ta san da shi Dilcia take cin abinci ba. Sun tsinci mutum a gindin wata bishiya. A cikin bel ɗinsa an rubuta lambar wayar nan da biro.

Dilcia ce ta rubuta, ranar da zai tafi.

Ta yi godiya. Ta ƙarasa wakenta, don hutun minti ashirin ne. Ta mayar da abin sauraro a kunne, ta amsa kira talatin da ɗaya. Ko hawaye bai zo ba, ba ta jin komai sam.

A cikin bas, a hanyar gida, ta shirya yadda za ta faɗa wa mahaifiyarta. Ta tarar da tsohuwar a bakin murhu, hannunta duk ƙullu.

"'Yar nan, yaron ya kira?"

Dilcia ta buɗe baki. Muryar aiki ce ta fito, mai taushi.

"Tukuna, Mama."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta zaɓi biyu mafi zafi, ta naɗe su a tsumma.