Reshen Lemon Baba Tokuji

Guguwar da ta ratsa garin Kanazawa bara ta tumɓuke bishiyar lemon da ke tsakar gidan Baba Tokuji, tsohon direban jirgin ƙasa da ke zaune shi kaɗai. Marigayiya matarsa Sumie ce ta dasa ta.

Da safe muna wucewa ni da Malama Kinue, wadda nake koyon jera furanni a wurinta, muka same shi tsaye da zarto a hannu, ya kasa farawa.

"Maƙwabci, a sam mini reshe ɗaya mana," in ji Malama.

"Ku masu soka ciyawa a kwano ba kwa barin mutum ya yi jimaminsa? Ɗauki."

Ta daɗe tana zaga bishiyar. Ta tsallake rassa masu kyau, ta yanko wani karkatacce da iska ta ɗaye wa ɓawo, da 'ya'ya biyu ɗanyu a jiki. Sai ta tuɓe takalmi ta shiga ɗakinsa ta nemi mazubi. Ya miƙo mata tsohuwar tukunyar ƙasa.

Malama ta durƙusa a tabarma ta yi ta rage ganye da almakashi, har na ji tsoron ba abin da zai saura. Ta tsaga ɗan kara ta tokare reshen a bakin tukunyar, ta juya shi kaɗan, ta sake juyawa. Daga gindin katanga ta aike ni na tsinko farin fure guda, ta kafa shi can ƙasa.

"Ai kin bar rabin wurin fayau," in ji Baba.

"Na sani."

Ya zauna yana kallo. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Haka bishiyar take karkata, wajen tagar kicin. Sumie kan miƙa hannu ta tsinka tana cikin girki."

"Shekara da shekaru ina hango ta ta kan katanga," in ji Malama, tana goge almakashinta.

Ya tashi ya dafa mana shayi.

Yanzu kowace Laraba yana zuwa ajin Malama, shi kaɗai ne namiji. Cusa furanni yake yi kamar mai lodin tarago. Malama takan tsaya a bayansa ta ce, "Maƙwabci, zare uku."

"Waɗanne?"

"Wannan kuma aikinka ne."

Makon jiya ya yi ta tunani har shayinsa ya huce, sannan ya zare huɗu. Malama ta duba, ta gyaɗa kai, ta wuce wurin ta gaba.