Shirun Anti

Anti mai shirin yara a gidan rediyo ta dire buhu a gaban teburin mai gyaran rediyo, tana haki.

"Baba, waɗancan rediyoyin na saman kanta da masu su suka manta da su nake so. Aro, ba kyauta ba."

Tsohon ya sauke tabarau ya dube ta. "'Yar nan, wasunsu tun kafin a yaye ki suke nan. Me za ki yi da su?"

Ta yi masa bayani a tsaitsaye. Hukuma ta ce duk gidan rediyon da ke son a sabunta masa lasisi sai ya ware wa yara awa guda kullum, ba talla a ciki. Manajansu, wanda ko gaisuwa zai sayar in ya sami mai saye, ya ce to. Sai ya ɗauke shirinta daga yamma ya jefa shi hantsi, lokacin da kowane yaro ke aji. Ya kuma gaya mata in ba mai saurare, faifan waƙoƙi ma ya isa cika sharaɗi, ita ta koma karanta cigiya.

"Tunda ya kai shirin lokacin makaranta, ni kuma zan kai rediyo makaranta."

Baba ya yi dariya har da tari. Ya zaɓo masu sauran numfashi, ya hure musu ƙura, ya ɗaure murfin batirin ɗaya da roba.

Makaranta ta farko aka ce sai da izini daga sama. Ta biyu aka ce ta dawo zango mai zuwa. Ta ƙarshe ita ce wadda ke bayan katangar gidan rediyon, inda shugabar ta kalli buhun ta kalli Anti.

"Ajiye. Amma in suka yi barci, ki zo ki kwashe tarkacenki."

Ta shiga ɗakin watsa shiri jiƙe da gumi. Na'urar sanyaya ɗakin ta daɗe da mutuwa, Manaja ya ƙi gyarawa, don haka taga a buɗe take. Shi kuwa yana tsaye bayan gilashi, ya zo ganin ƙarshen taurin kai.

Jar fitila ta kama. Anti ta gaida yara, ta ba su labarin ƙwari, sannan ta ce, "To, 'yan aji, gizo-gizo ƙafarsa nawa? Ku faɗa da ƙarfi, ina jin ku."

Ta yi shiru.

Manaja ya ƙwanƙwasa gilashi. Ya leƙo ta ƙofa yana raɗa da ƙarfi, "Yi magana mana! Shiru a rediyo? Mutane za su murɗa tasha!"

Ba ta ko dube shi ba, amma tsoro ya cika ta. Wataƙila batirin ya mutu. Wataƙila buhun na nan a ofishin shugabar makarantar, ko kwance shi ba a yi ba.

Sai ga shi ta kan katanga, ta taga, har cikin makirufo, muryoyi kamar za su ɗaga rufin kwano:

"Shidaaa!"

Ba daidai ba ne. Anti ba ta taɓa jin kuskuren da ya yi mata daɗi haka ba. Ta share ido da gefen mayafi, ta matso bakin makirufo.

"Kun kusa. Ku sake ƙirgawa, ina jiran ku."

Ta harɗe hannu ta sake yin shiru, wanda ya fi na farko tsawo. Ba wanda ya taɓa gilashin.